Masu Kiwon Mota Kamar Doki

A ƙasar Amurka akwai wasu mutane da ke sayen mota mai tsada, mai shan fetur kamar raƙumi ya iske ruwa, sannan su kulle ta a gareji kwana shida, su fito da ita ran Lahadi su zaga gari su komo. Ba sa zuwa aiki da ita, ba sa kai yara makaranta, ko buhun shinkafa ɗaya ba ta taɓa ɗaukowa ba. Amurkawa na kiran irin waɗannan motoci da wani suna wanda idan aka mayar da shi Hausa zai zama motoci masu ƙwanji. Fitattu daga cikinsu a wannan ƙarni su ne Ford Mustang, da Chevrolet Camaro, da Dodge Challenger, da kuma 'yar'uwarta mai ƙofa huɗu, wato Dodge Charger.

To, jama'a masu karatu, mu da muka tashi a tsakanin direbobi da yaran mota da makanikai, wannan abu da wuyar shiga kanmu. Mota a wurinmu jaki ce. Idan wani ya zo shawara zai sayi mota, tambayoyinmu sanannu ne: mai nawa take sha, ana samun kayanta a Abossey Okai ko a Magazin na Suame, kuma fitan unguwa zai iya taɓa ta ko kuwa sai an nemo mai kwamfuta. Iyayenmu da suka yi jigilar goro daga Kumasi zuwa arewa a manyan lori, lissafinsu ke nan, kuma shi muka gada. Don haka da mun ji labarin mutumin da ya zuba kuɗin gina gida a kan motar da yake hawa sau ɗaya a mako, abin da ke fara zuwa bakinmu shi ne wauta, ko almubazzaranci.

Amma fa idan muka tsaya muka yi tunani, abin ba baƙonmu ba ne. Wa ke hawa doki yau don ya je kasuwa? Babur ya fi shi sauri, ya fi shi araha, kuma babur ba ya cin dawa ran da ba a hau shi ba. Duk da haka a Kano da Katsina da Damagaram akwai mutanen da ke ɗaure da doki shekara guda cur, ana ba shi harawa da dusa da kanwa, ana wanke shi, ana biyan mai kula da shi, don dai a hau ran sallah da wasu 'yan ranaku. Nan gida ma, wanda ya taɓa kallon Damba a Tamale ko a Yendi ya ga irin adon da ake yi wa doki. Ba mu taɓa jin an tare mai doki an ce ya kawo lissafin ribar da ya ci ba, domin kowa ya san abin da ya sa yake kiwonsa. A ganinmu masu waɗannan motoci kiwo suke yi, kuma da wannan ido ya kamata a dube su.

Su kansu masu ƙera motocin ba su ɓoye wannan dangantaka ba. Mustang sunan dokin jeji ne na yammacin Amurka, kuma hoton doki a guje ne tambarin motar. Kalmar Charger a Turanci tana ɗaukar ma'anar dokin yaƙi. Ƙarfin inji ma da doki ake auna shi, tun zamanin James Watt, mutumin nan da ya inganta injin tururi a ƙarni na 18. Har wata gardama ake yi a tsakanin masoya motocin, wasu na cewa Mustang da Camaro ba su cika masu ƙwanji ba, ƙuru ne su, wato ƙananan dawaki. Wannan gardama ta haura shekara hamsin ana yinta, kuma ba mu ga alamar suna son ta ƙare ba.

Asalin abin ya faro ne a 1964. A shekarar ne kamfanin Pontiac ya ɗauki babban inji mai lita 6.4 ya cusa a jikin matsakaiciyar mota, ya kira ta GTO. A watan Afrilu na shekarar kuma Ford ya fito da Mustang a kan dala 2,368, kafin shekara biyu ta cika an sayar da miliyan ɗaya. Camaro ta biyo baya a 1966, Challenger kuma ta zo da samfurin 1970. Dabarar ba ta da wani zurfi: inji babba, farashi daidai aljihun matashi mai aiki a masana'anta, fetur kuwa a lokacin kamar kyauta. Sai dai abin bai daɗe ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi saboda yawan haɗari, gwamnati ta kafa dokokin rage hayaƙi, sannan a 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, aka wayi gari ana layi a gidajen mai. Mustang ta 1974 ko injin V8 ba a sa mata ba, Challenger kuwa a shekarar aka daina ƙera ta.

Bayan shekara talatin sai kamfanonin suka lura cewa yaran da suka yi ta kallon waɗancan motoci ba su da kuɗin saye, yanzu sun zama dattawa masu abin hannu. Ford ya sake fasalin Mustang ta 2005 ta yi kama da ta kakanninta, Dodge ya dawo da Challenger a 2008, Chevrolet ya dawo da Camaro a 2009 bayan ya dakatar da ita tun 2002. Waɗannan su ne na zamani da muke magana a kai. Fuskarsu ta da ce, amma a ciki akwai na'urar sanyaya iska, da jakar iska ta kariya, da birki mai kyau, da kwamfuta mai lura da inji. Tsoffin na shekarun 1960 suna da kyan gani, amma birkinsu ba ƙarfi, ga tsatsa, ga yawan zuwa wurin makaniki. Na zamani kuwa murɗa makulli ko danna maɓalli kawai, ta tashi. Wannan na daga cikin abin da ya ja mutane da yawa, domin mutum ya sami abin da ya yi mafarki yana yaro ba tare da wahalar tsohuwar mota ba.

Idan ana lissafin abin da ke riƙe zuciyar masu su, ƙara ce kan gaba. Injin V8 silinda takwas gare shi, huɗu a dama huɗu a hagu, an jingina su kamar harafin V. Yadda Amurkawa ke tsara nasu, silindodin kowane gefe ba sa tashi a tazara ɗaya, sai hayaƙin ya riƙa fita a tsattsinke, shi ne ke haifar da wannan gurnani mai kauri da mutum ke ji har cikin ƙirjinsa ko da motar na tsaye. Akwai masu canza salansa tun motar na sabuwa don muryar ta ƙara buɗewa, akwai kuma masu sauke gilashi idan za su shiga ƙarƙashin gada don su ji amsa-kuwwa. Wanda ya taɓa zama a tasha ya ji tsohon direba na gane lorin abokinsa daga kukan inji tun kafin ta ɓullo kwana, ba zai yi wa wannan dariya ba. Mu ma kunnenmu ya san daɗin inji mai lafiya, illa dai ba mu taɓa biyan kuɗi don shi kaɗai ba.

Sai kuma ƙarfi, kuma a nan ne abin ya wuce hankali. Dodge Challenger Hellcat ta 2015 ta zo da inji mai lita 6.2, da wata na'ura mai tura iska cikin injin da ƙarfi, har ya kai ƙarfin doki 707. Toyota Corolla irin waɗanda suka cika titunanmu galibi ba sa wuce 140, wato mota ɗaya ta haɗiye ƙarfin Corolla biyar. Tana iya gudun kilomita 320 a sa'a, alhali a duk faɗin Amurka titin da doka ta fi sakar wa mara, wani ne a jihar Texas, iyakarsa kilomita 137. Kamfanin ma ya san abin da ya ƙera, shi ya sa ya ba da makulli biyu, ja da baƙi. Jan shi ne ke sakin ƙarfin duka, baƙin kuwa yana tsayar da injin a doki 500, shi ake ba wanda ba a amince da ƙafarsa ba. Ku duba fa, ɗari biyar shi ne na lallaɓawa.

Mai hankali zai ce, to mene ne amfanin ƙarfin da ba za a iya amfani da shi ba? Wani ɓangare na amsar shi ne akwai inda ake amfani da shi. A sassa da yawa na Amurka akwai filayen tsere na miƙaƙƙen titi, tsawonsa rubu'in mil, wato mita 402, inda a wasu ranaku kowa ke iya biyan kuɗi kaɗan ya shiga da motarsa, a auna masa lokaci a ba shi takarda. Dodge Demon ta 2018 don wannan aka yi ta. Guda 3,300 kacal aka ƙera, kuma kamfanin ya ce tana cinye wannan tazara a daƙiƙa 9.65. Don a rage nauyi, kujerar direba kaɗai ta zo da ita, wanda ya so ta fasinja a lokacin sai ya ƙara dala ɗaya a sa masa. Ford shi ma ya sanya wa wasu Mustang wata dabara mai riƙe birkin gaba ta saki tayoyin baya su yi ta juyawa a wuri ɗaya har hayaƙi ya turnuƙe, don a ɗumama taya kafin tsere.

Sai dai gaskiyar magana, mafi yawan masu su ba sa tsere. Abin da suke so shi ne su san ƙarfin na nan. Mutum na tafiya a hankali, ya ɗan taɓa totur, motar ta danna shi jikin kujera na daƙiƙa biyu, ya ɗage ƙafa, ya yi murmushi, shi ke nan ya more kuɗinsa na ranar. Mai ingarman doki ma ai ba kullum yake sukuwa ba, yawanci takama yake yi, yana riƙe da linzami yana jin dabbar na neman ƙwacewa. Wannan ne ma ya sa da yawansu ke nacewa a kan giyar hannu da kulochi, a ƙasar da kusan kowace sabuwar mota da kanta take canza giya. Sun san mai canzawa da kanta ta fi sauri, amma sun fi son hannunsu ya yi aikin.

Akwai kuma zumunci, wanda mu ba sai an yi mana dogon bayani a kansa ba. A garuruwa da yawa masu motocin kan haɗu da sassafe a ƙarshen mako a wani filin ajiye motoci, kowa ya ɗaga murfin injinsa, a sha gahawa, a yi ta hira, kafin rana ta yi zafi a watse. Mafi girman irin wannan taro shi ne na titin Woodward a yankin Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka, wanda ake yi ran Asabar ta uku a watan Agusta. An fara shi a 1995 don tara kuɗin gina wa yara filin ƙwallo, ya bunƙasa har dubun dubatar motoci ke fitowa, jama'a na zaune a bakin titi a kan kujerun da suka zo da su suna kallo. Hawan sallah ne sak, sai dai ba sarki. A irin wannan wuri likita da mai gyaran famfo kan tsaya a kan inji ɗaya su yi awa guda suna magana ba wanda ya tambayi aikin wani. A ƙasar da mutum kan shekara bai shiga gidan maƙwabcinsa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma muna kyautata zaton wasu ba su riƙe motar ba sai don kada su rasa majalisar.

Riƙon kansa wani aiki ne. A jihohin arewacin Amurka ana watsa gishiri a titi lokacin hunturu don ƙanƙara ta narke, gishiri kuwa yana cin ƙarfe. Saboda haka da sanyi ya shigo sai a wanke motar, a cika tanki, a zuba maganin hana fetur lalacewa, a jona batir da na'urar caji, a lulluɓe ta, sai bazara. Watanni huɗu ko biyar tana kwance, mai ita na shiga gareji yana ɗaga mayafi yana leƙawa. Wasu kan ce ajiyar kuɗi ce, suna kafa hujja da Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, wadda aka yi gwanjonta a watan Janairun 2020 a kan dala miliyan 3.74. Wannan magana mun fi ɗaukar ta a matsayin abin da ake faɗa wa uwargida. Ɗaiɗaiku ne ke ƙara daraja, irin waɗanda aka ƙera kaɗan. Sauran kuwa kamar kowace mota suke, daga ran da suka bar wurin dillali farashinsu ke gangarawa.

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba, domin yana da nauyi. Hellcat a cikin gari da ƙyar lita ɗaya ke kai ta kilomita 6, kuma fetur mai tsada take so. Tayoyin baya ba sa daɗewa, inshora ta fi ta sauran motoci, ga ɓarayi. Wani rahoto na cibiyar binciken kamfanonin inshorar Amurka a 2023 ya nuna cewa satar Charger Hellcat ta ninka ta matsakaiciyar mota fiye da sau 60. Wanda ya fi wannan muni, a shekarar dai cibiyar ta fitar da jerin motoci 21 da direbobinsu suka fi mutuwa, shida daga ciki nau'o'in Camaro ne da Challenger da Charger da Mustang. Tayoyin baya ne ke tura waɗannan motoci, idan aka taka da yawa a kan kwana ko a jiƙaƙƙen titi, bayan motar kan zame ya juyo, kuma a lokacin ba ruwan inji da shekarun direba ko da wanda ke tsaye a gefen hanya. Akwai ma wata zolaya da ta shahara a can, ta ƙananan sojoji da ke karɓar albashin farko su nufi dillalin da ke bakin bariki su ɗauko Charger ko Camaro bashi da ruwa mai yawa. Dattijon da ke da wata motar ta zuwa aiki, ya gama biyan kuɗin gida, ya sayi wannan da rarar kuɗinsa, daban yake da yaron da ya jingina albashin shekara shida a kanta, ko da kuwa launin motocinsu ɗaya.

Wannan bambanci shi ne ya shafe mu kai tsaye, domin motocin Amurka na hannu, har da waɗanda suka yi haɗari aka yi gwanjonsu, suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma jefi-jefi mukan ga Mustang ko Camaro a titunan Akra da Kumasi. Idan ɗanmu ne ya shigo da ita, ba mu ga dalilin zaginsa ba matuƙar guminsa ne kuma ya sauke nauyin gidansa. Sha'awa ce, kuma kowa da tasa. Amma ya sani kuɗin fito na ƙaruwa ne da girman inji, motar ƙasa-ƙasa take, ba ta shiri da ramuka da tudun rage gudu, wani kayan gyaran kuma sai an yi odarsa an jira. Lungunan unguwanninmu cike suke da yara da masu talla, ba wurin gwada doki ɗari bakwai ba ne, kuma ba mu da filayen da Amurkawa ke zuwa su sauke abin da ke ransu. Wanda zai mayar da ita motarsa ta kullum, ya ɗauki dokin hawan sallah ke nan ya ɗaura masa amalanke.

Can inda aka haife su kuwa zamani ya sake juyawa. A 2023 Dodge ya maƙala wa kowace Challenger da Charger wani ɗan allo a ƙarƙashin murfin inji mai nuna cewa wannan ne zubi na ƙarshe, ya kuma yi bankwana da Demon 170 mai ƙarfin doki 1,025. A watan Disamba na shekarar masana'antar Brampton da ke Kanada ta ƙera na ƙarshe, Camaro ita ma a ƙarshen 2023 aka tsayar da ita. Dokokin hayaƙi da na tsimin mai, da karkatar kamfanoni zuwa motocin lantarki, su ne suka matsa. Hakan ya ƙara wa masu riƙe da nasu dalilin ƙin sayarwa.

A 2024 Dodge ya fito da sabuwar Charger mai aiki da lantarki. Tana da gudu ƙwarai, amma da yake motar lantarki ba ta da murya, sai aka dasa mata lasifika a baya mai kwaikwayon gurnanin inji. Masoya da yawa suka ƙi ta, suka ce ba za su biya kuɗi a kunna musu kaset ba, kuma a 2025 kamfanin ya kawo wata mai shan fetur, da inji mai silinda shida. Ford kuwa ya fitar da Mustang samfurin 2024 da injinta na V8 mai lita 5, kuma wanda ya nema ana sa masa giyar hannu mai hawa shida da kulochinta.